Zan ja karaban daga Adelaide zuwa Darwin da iyali a watan Disamba, ya kake gani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Adelaide ta ƙasar Ostareliya, ina so in yi hayar karaban, ɗakin kwanan nan da ake ja da mota, in kwashi maiɗakina da yara biyu mu ratsa tsakiyar ƙasar har Darwin a hutun Disamba. Me ya kamata in sani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tafiyar tana da kyau sosai amma don Allah ka canza watan. Disamba a can tsakiyar zafi ce, rana tana wuce digiri 40 a yankin Coober Pedy da Alice Springs, garin Oodnadatta ma da ke wannan yankin ya taɓa kaiwa 50.7 a Janairun 1960, sannan idan ka dangana arewa damina ce daga Nuwamba zuwa Afrilu, ruwa na iya rufe hanya ka kwana biyu kana jira da yara a cikin mota. Ka bari sai tsakanin Mayu da Satumba, hutun makaranta na Yuli ya yi daidai, sai dai ku tafi da barguna masu kauri don daren Alice Springs sanyinsa na sauka har sifili.

Hanyar ita ce Stuart Highway, kwalta ce tun daga Port Augusta har Darwin, kusan kilomita 2,700, ka ƙara wajen 300 daga Adelaide. Matsalarta nisa. Daga Glendambo zuwa Coober Pedy kusan kilomita 250 ne babu gidan mai ko ɗaya, kuma mota mai jan karaban man da take sha ba irin wanda ka saba ba ne musamman idan iska na bugowa ta gaba, saboda haka duk gidan man da ka gani ka cika tanki ko da rabi kawai ya sauka. Ruwan sha kuwa ka ɗauki na kwana biyu ko uku fiye da lissafinka, a jarkoki daban daban, idan ɗaya ta fashe sauran na nan.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne tuƙin magariba da na asuba. Lokacin ne kangaru ke fitowa, ga shanu da raƙuma a wuraren da babu shinge, kai kuma da nauyi a baya ba za ka iya kaucewa da sauri ba, karaban ɗin zai fara lilo ya kwashe motar. Ƙarfe huɗu na yamma ta yi maka a masauki. Ga kuma manyan tirelolin nan masu jan jela uku ko huɗu, tsawonsu ya haura mita 50, kar ka ce sai ka wuce su, ka sayi rediyon UHF, irin na oba-oba, ka sa tasha ta 40 inda direbobinsu ke magana. Za ka ga alamar gudun kilomita 130 a awa a Northern Territory, yankin arewa da Alice Springs da Darwin suke ciki, wannan ba da kai ake ba, ka tsaya wajen 90.

Sabis na waya yana ɗaukewa na dogon lokaci, layin Telstra ya fi kamawa amma shi ma ba ko'ina ba, gara ka yi hayar wayar satalayit. Idan mota ta lalace, Allah ya kiyaye, kar kowa ya bar wurinta da sunan neman taimako a ƙafa, direbobin hanyar Agadas zuwa Dirku ma haka suke faɗa, mota ake hangowa daga nesa, mutum shi kaɗai ɓacewa yake. Ka kuma karanta takardar hayar da kyau, yawancinsu sun hana hawa hanyar burji irin Oodnadatta Track, ka hau inshora ta tashi.

Ka ware aƙalla sati biyu zuwa kawai idan kana son ratsewa Uluru, shahararren dutsen nan na tsakiyar ƙasar, daga mararrabar Erldunda wajen kilomita 250 ne, an dai hana hawa dutsen tun Oktoban 2019. Akwai masallaci a Alice Springs, idan ka daidaita kwanakin za ku samu Juma'a a can kafin ku kama hanyar Tennant Creek.