Amsar Kawu Kan Tsofaffin Malay da Kuɗinsu

Ɗana, ina fatan karatu na tafiya daidai a can Malesiya. Ka tambaye ni me ya sa dattijon maƙwabcinka, mai 'ya'ya ma'aikata, yake kai kuɗi masallaci duk shekara, kuma yake raba wa jikoki kuɗi alhali ya bar aiki.

Kuɗin masallacin nan shi suke kira khairat kematian. Kowane gida a unguwa yana zuba ɗan abin da aka yanka, in aka yi rasuwa a gidan sai a ɗebi kuɗin likkafani, haƙa kabari da motar gawa daga asusun. Dattijon Malay ba ya son ranar da zai cika a ga 'ya'yansa suna neman rance kafin a kai shi makwancinsa. Wannan tunani yana da girma a wurina ƙwarai.

Kada ka ɗauka wadata ce ta yi musu yawa. Tsohon ma'aikacin gwamnati yana da fansho, amma na kamfani dogaronsa asusun tanadin ritaya ne, KWSP, wanda aka kafa a 1951. Mutum na iya kwashe tanadinsa idan ya kai shekara 55. Ya biya bashin gida, ya aurar da 'ya, ya gyara rufi, sai ka ga abin ya ƙare, ga sauran kwana a gaba. A shekarun korona ma gwamnati ta yarda a ciri kuɗin tun lokaci bai yi ba, da yawa suka tatike nasu.

Nan 'ya'ya ke shigowa. Wanda ke ɗaukar albashi yana cire na iyaye duk wata, ba sai an tambaya ba. Da Ƙaramar Sallah kowa ya koma ƙauye, 'ya'ya su miƙa wa iyaye duit raya, wato kuɗin barka da Sallah, sau da yawa a koren ambulan, iyayen su juya su ba jikoki. Da wannan tsoho ke riƙe martabarsa ta mai bayarwa. Matan kuma suna da adashinsu, kutu.

Aikin Hajji yana da nasa tanadin, Tabung Haji, tun 1963, bisa shawarar Farfesa Ungku Aziz, masanin tattalin arziki ɗan ƙasar, don mutanen karkara su daina sayar da gona saboda kujerar Makka.

Tunda za ka jima a unguwar, je ka sami limamin ka tambaya ko suna karɓar baƙo a asusun. In an yi rasuwa kuma, a gan ka a wajen jana'iza. Ka gaishe mini da dattijon.