Za mu iya mayar da adashenmu banki kamar yadda Maggie Walker ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kano, kuma ni ce uwar adashen wata ƙungiyar mata 'yan kasuwa. Ban da zubin wata-wata, muna da asusun taimakon juna da muke cire wa wadda ta kwanta ciwo, ko aka yi mata rasuwa ko gobara. Kuɗin asusun ya taru, sai wasu suka ce mu buɗe babban shagon kayan masarufi da shi, mu kuma fara karɓar ajiyar mutanen waje muna ba da bashi. 'Yata ta ce wata baƙar fata a Amurka ta taɓa mayar da irin ƙungiyarmu banki. Gaskiya ne? Mu ma za mu iya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Maganar 'yarki gaskiya ce. Sunan matar Maggie Lena Walker, mutuniyar birnin Richmond a jihar Virginia, kuma ita ce baƙar fata mace ta farko da ta kafa banki ta shugabance shi a Amurka. Sai dai ita ma ta buɗe irin shagon da kuke magana, kuma shagon ya durƙushe. Gara ki ji labarin duka kafin ku taɓa kuɗin nan.

An haife ta a 1864, ana cikin yaƙin basasar Amurka. Mahaifiyarta ta taɓa zama baiwa, kuma bayan mijinta ya rasu a 1876 da wankau ta riƙe gida, Maggie ce ke ɗaukar kayan tana kaiwa gidajen Turawa. Ta yi karatu, ta koyar a makaranta shekara uku, aure ya raba ta da aikin a 1886 domin a lokacin ba a barin matar aure ta koyar. Tun tana 'yar makaranta ta shiga wata ƙungiya mai suna Independent Order of St. Luke, wadda aikinta shi ne irin na asusunku: a yi zubi, wanda ya kwanta ciwo a tallafa masa, wanda ya rasu a yi masa sutura.

A 1899 aka ɗora mata ragamar ƙungiyar a matsayin babbar sakatariya. Abin da ta tarar a asusu dala 31 ne da 'yan canji, ga bashin kusan dala 400, membobi kuma ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba. Ba da banki ta fara ba. Sai da ta gyara littafin lissafi, ta bi gari-gari tana shigo da sababbin membobi, ta tabbatar zubi yana shigowa a kan kari. A 1901 ta kawo maganar banki a babban taronsu, ta ce su haɗa kuɗinsu wuri guda, kwabbai su zama daloli. A 1902 suka fara buga jarida. Kafin a buɗe bankin, ita da kanta ta riƙa zuwa wani bankin Turawa na garin tana zama tana koyon yadda ake aikin. A watan Nuwamban 1903 St. Luke Penny Savings Bank ya buɗe ƙofa, ranar farko aka ajiye sama da dala 9,000.

Wannan adadin ba ƙarami ba ne idan kin san abin da ya gabata. A 1874 wani banki da aka kafa domin 'yantattun bayi, Freedman's Savings Bank, ya rushe da kusan dala miliyan 3 na masu ajiya fiye da 60,000. Mutanen da aka yi wa wannan ɓarna, su da 'ya'yansu, su ne Walker ta shawo kansu suka sake miƙa kuɗinsu. Har yara ta raba wa ƙananan asusai, wanda ya tara kwabo ɗari ya zo a buɗe masa ajiya da sunansa. Zuwa 1920 bankin ya taimaka wa iyalai sama da 600 sun mallaki gidan kansu, a garin da bankunan Turawa ba sa kallon baƙar fata idan ya zo neman bashi.

To, ga maganar shago. A 1905 ƙungiyar ta buɗe katafaren kanti, St. Luke Emporium, a kan Broad Street, babban titin kasuwancin Richmond, ta ɗauki 'yan mata baƙar fata aiki. 'Yan kasuwa Turawa suka taso mata, suka matsa wa dillalai su daina ba ta kaya. Abin da ya fi ciwo, mutanenta da yawa suka ci gaba da sayayya a inda suka saba. A 1911 aka rufe kantin. Mace mai dubban membobi da jarida da banki ta kasa sa mutanenta su saya a wurinta don kawai shagon nasu ne. Kada ki ɗauka matanku za su bar mai shagon da ke ɗaga musu ƙafa tun shekaru saboda kishin ƙungiya.

Ku matsalarku ma ta fi tata kusa. Ranar da aka buɗe, wata za ta aiko a ɗauki buhun shinkafa da katan biyu na taliya da jarkar mai, ta ce a rubuta, idan ta kwashi adashe za ta biya. Yarinyar da ke tsaron shagon 'yar ƙawarta ce, ba ta da bakin hanawa. Wata ta ji, ita ma ta aiko, ai da kuɗinta a ciki. Bayan wata shida, Allah ya kiyaye, wuta ta ci rumfar ɗaya daga cikinku, ta zo neman haƙƙinta, ki duba ki ga rabin asusun yana kan kanta, rabi yana cikin littafin bashi. Ke za a kalla, Hajiya, ba waɗanda suka kawo shawarar ba.

Abin da na fi so ki riƙe daga tarihin matar nan ya faru ne a 1910. A Richmond ɗin akwai wata ƙungiyar taimakon juna da ta fi St. Luke girma, True Reformers, wadda ta samu lasisin bankinta tun 1888. A 1910 bankin ya rushe: mai riƙe da kuɗi ya yi sama da faɗi da wasu, an kuma ba da manyan basussuka ba jingina. Da yake kuɗin ƙungiya da na banki a cuɗe suke, faɗuwar ɗaya ta ja ɗayan ƙasa. A wannan shekarar jihar Virginia ta tsaurara doka, aka fara aiko masu binciken littattafan bankuna, aka kuma raba bankuna da ƙungiyoyin da suka haife su. Bankin Walker ya tsallake binciken, ya tsaya da ƙafarsa. Da aka shiga matsin tattalin arzikin da ya fara a 1929, ta jagoranci haɗe shi da wasu bankunan baƙar fata biyu na garin, aka samu Consolidated Bank and Trust, ta zama shugabar hukumar daraktocinsa tana kan keken guragu, har ta rasu a 1934. Bankin ya ci gaba a hannun baƙar fata har 2005. Rabuwar da doka ta tilasta, a ganina, tana cikin abin da ya ba shi tsawon rai.

Batun karɓar ajiyar mutanen waje kuwa, ku cire shi daga lissafi yanzu. A Najeriya dokar bankuna ta 2020 ta haramta karɓar ajiyar jama'a ba tare da lasisin Babban Bankin Najeriya ba, kuma ƙa'idar da ya fitar a 2019 ta sa mafi ƙarancin jarin ƙaramin bankin talakawa naira miliyan 50. Wanda ya ajiye a banki mai lasisi yana da inshorar NDIC, hukumar da ke kare kuɗin masu ajiya idan banki ya rushe. Wanda ya ajiye a wurinki ba shi da komai sai amanarki. Hanyar da ta dace da ku ita ce rajistar ƙungiyar gama-kai a ofishin da ke kula da su a jiha. Da ita za ku iya tara kuɗi ku ba da rance a tsakaninku, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kuɗi ya bar lambar asusunki.

Daga nan ku raba kuɗin gida uku, kowanne da littafinsa. Zubin adashe ba a taɓa shi, na mai kwasa ne. Asusun taimako, ki duba shekarar da kuka fi kashewa a baya, ki tabbatar aƙalla irin wannan adadin yana inda za a cire shi a yini ɗaya. Na uku shi ne jari, kuma sabon zubi ne daga wadda ta ga dama, bayan an gaya mata a gaban kowa cewa ana iya riba, ana iya asara. A zaɓi mutum uku, biyu daga cikinsu su sa hannu kafin kuɗi ya fita, saƙon banki ya riƙa shiga waya fiye da ɗaya, a karanta lissafi a bainar taro kowane wata, sau ɗaya a shekara kuma a kira akanta wanda ba mijin kowa ba ne, ba ɗan kowa ba. Ke da sauran shugabanni kada ku ci bashin ƙungiya sai taro ya amince. Na san wasu za su ce ana zarginsu. Ki fara da kanki, bakinsu zai mutu.

Masu cewa kuɗin yana zaune yana lalacewa suna da gaskiya, domin a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Amma akwai hanyar juya shi da ta fi shago sauƙi. Bankin Walker da kuɗin ruwa ya yi aiki, wannan kuwa ba hanyarku ba ce. Ku ɗauki murabaha, irin wadda bankin Jaiz ke yi tun da ya fara aiki a 2012: ƙungiya ta sayi dilar atamfa ta mallake ta, ta sayar wa memba da ribar da aka faɗa tun farko, ta biya kaɗan-kaɗan, membobi biyu su tsaya mata. Ku sa malamin da ya san fiƙihun ciniki ya duba muku yarjejeniyar. Sana'ar da kuka sani ce, kun san farashi, kun san wadda ke biya da wadda ke kwana da kuɗin mutane.

Idan kuma sauƙin kayan abinci matan ke nema, ku gwada sayen haɗin gwiwa kafin azumi. Kowa ta biya nata tukuna, a je Singa a sari sukari da mai da taliya, a je Dawanau a auno gero da wake, a raba a ranar. Ba haya, ba albashin mai tsaro, ba littafin bashi. Ku yi haka shekara biyu kuna rubuta abin da kowa ta saya da rarar da aka samu. Idan bayan nan har yanzu akwai masu son shago, su haɗa jarinsu daban su yi masa rajista da sunansa, ke kuma kada ki zama ma'ajinsa muddin asusun taimako yana hannunki.