Amsa ga mai son kai iyali yawon buɗe ido Stockholm

Wa alaikumus salam Malam. Tun jiya da dare na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce kuna da hutun mako guda kai da uwargida, kuna son ganin Stockholm, babban birnin Suwidin, in da hali ku leƙa Oslo ta Norway da Kopenhagen ta Denmark, kana kuma tambayar wane wata ya fi da yadda ake yi da abinci da salla. Na yi shekara biyu ina karatu a Uppsala, tafiyar kamar minti 40 a jirgin ƙasa daga Stockholm, kuma duk baƙon da ya zo mana daga gida ni nake zagayawa da shi.

Shawarata ta farko, ka ajiye maganar sauran biranen nan biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Daga Stockholm zuwa Kopenhagen awa biyar ne a jirgin ƙasa, Oslo ma ba ta gaza haka ba. In ka cire ranar sauka da ranar tashi, kwana biyar ya rage muku, kuma Stockholm ita kaɗai za ta cinye su. Gari ne da aka gina a kan tsibirai 14, daidai inda tafkin Mälaren ya haɗu da tekun Baltik, ba a jin daɗinsa da gaggawa.

Maganar wata kuwa, rana za ka duba kafin ka duba kuɗin tikiti. A Disamba sai wajen tara saura take fitowa, kafin uku na yamma ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba duk suna cunkushe cikin 'yan awanni, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga duhu. A ƙarshen Yuni kuma akasin haka ne: rana ta fito uku da rabi na dare, ba za ta faɗi ba sai bayan goma, kuma shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, don haka lokacin Isha da Asuba sai dai ka bi jadawalin masallacin garin, kada ka dogara da manhajar wayarka. Ni dai in an bar ni, ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba nake zaɓa. Yini da dare sun fara komawa daidai, cunkoson baƙi ya ragu, jiragen ruwa na yawo suna nan suna aiki, sanyin kuma bai wuce na safiyar hunturu a Jos ba. Duk da haka ku riƙe rigar sanyi da ta ruwa. In kuma dole sai Yuni, ka kauce wa Juma'ar da ta faɗo tsakanin 19 da 25 ga wata, ranar bikinsu na tsakiyar bazara ce, mutane duk sun fice ƙauye, shaguna da yawa a rufe.

Biza ta Shengen ce, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ana iya nema tun saura wata shida a tafi, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ku nema da wuri. Jirgin sama kuwa sai an yada zango, akasari ta Istanbul ko Adis Ababa ko Doha.

Abin da ya fi kama baƙonmu shi ne kuɗi. Suwidin ba ta amfani da Yuro, kuɗinsu krona ne, amma ko shi ɗin da wuya ka ga ana miƙa shi hannu da hannu. Makona na farko na yi canji mai yawa a filin jirgi, na shiga wani ɗan shagon shayi na ci na sha, da na miƙa kuɗi yarinyar ta nuna mini takardar da ke manne a jikin kanta, ba sa karɓar tsaba. Wani dattijo da ke bayana ne ya biya da katinsa na ba shi takardar kuɗin. Don Allah kafin ku taso ka tabbatar katin bankinka yana aiki a ƙasar waje, ita ma uwargida ta riƙe nata daban.

Filin jirgin Arlanda yana da nisan kilomita 40 daga gari. Jirgin ƙasa na Arlanda Express minti 20 ne amma da tsada, bas kuma kamar minti 45 da sauƙin kuɗi. Da kun shiga gari ku yanki tikitin kwana bakwai na SL, kamfanin sufurin garin. Da shi za ku hau bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa, har da ɗan jirgin ruwan da ke tashi daga Slussen zuwa tsibirin Djurgården. Tashoshin ƙarƙashin ƙasar ma abin kallo ne, musamman T-Centralen da Rådhuset, kogon dutse ne aka sassaƙa aka bi shi da zane.

A Djurgården ɗin nan ne gidan tarihin Vasa yake, kuma in abu ɗaya tak za ku gani a garin, to shi ne. Jirgin yaƙi ne na katako mai tsawon mita 69, da igwa 64, wanda Sarki Gustav Adolf na biyu ya sa aka ƙera. Ranar 10 ga Agusta 1628 aka sake shi a karon farko, jama'a sun cika bakin ruwa suna kallo, bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nitse da mutane kusan 30. Samansa ya yi nauyi, ƙasansa ba isasshen dutsen da zai riƙe shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an sani. An gwada shi tun yana ɗaure, aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zagaye uku aka tsayar da su don ya fara tangaɗi. Amma sarki yana fagen yaƙi a Poland yana ta aiken a gaggauta, ba wanda ya iya buɗe baki. Shekara 333 ya yi a ƙasan ruwa kafin a ɗago shi a 1961, kuma bai ruɓe ba saboda tsutsar da ke cin katako ba ta rayuwa a ruwan Baltik mai ƙarancin gishiri. Yau yana nan tsaye, kashi 98 cikin ɗari nasa na asali ne. Na shiga sau biyar, kowane karo sai jikina ya yi sanyi. Ku je da sassafe, ku ba shi awa uku. Kusa da shi akwai Skansen, inda tun 1891 aka tattaro tsofaffin gidajen ƙauye daga sassan ƙasar aka sake kafa su.

Tsohon gari, Gamla Stan, yini guda ya ishe shi: fadar sarki mai ɗakuna sama da 600, canjin dogarai da tsakar rana, da wani lungu da faɗinsa bai wuce santimita 90 ba. Kada ku ci abinci a babban titin masu tsaraba, kuɗin banza ne. Daga nan da ƙafa za ku kai ginin majalisar birni, Stadshuset, inda ake walimar kyautar Nobel duk 10 ga Disamba. A nan marubuci Wole Soyinka ya zauna a 1986, lokacin da ya ci kyautar. Ba a shiga sai da ɗan rakiya, don haka ka duba lokutansu tun da safe.

Babban masallacin yana Södermalm, dab da tashar Medborgarplatsen. Da can tashar wutar lantarki ce, aka mayar da ita masallaci a 2000. Ranar Juma'a ku sammako, yana cika. A sauran wurare banɗakunansu ba buta, sai ku riƙa yawo da 'yar gora a jaka. Ruwan famfonsu kuwa ku sha kawai, ya fi na roba da yawa kyau.

Abinci, ka haddace kalmomi biyu: fläsk da skinka, duk naman alade ne. Ƙwallon naman nan nasu da ake yabo, köttbullar, galibi haɗin naman shanu da na alade ne, sai ka tambaya. Kifi ne mafita, lax, wato kifin salmon, da dankali ba ya ba da kunya. Naman halal kuma akwai shi a gidajen abincin Turkawa da Larabawa ko'ina, in kuna marmarin shinkafa da nama irin na gida ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Rinkeby wajen Somalawa. A ranakun aiki ku nemi allon da aka rubuta dagens lunch, abincin rana ne mai rahusa, sai ku ci ku ƙoshi da rana, da dare a yi shayi da burodi a masauki.

Ku bar yini ɗaya don ruwa. Tsibirai kusan 30,000 ne a gaban garin, kuma daga Strömkajen, daura da fadar sarki, jirgi zai kai ku Vaxholm cikin kamar awa guda. Ku zauna a waje ta baya, uwargida ta ɗaura mayafi mai kauri don iskar tana da kaifi. In kun tsayar da ranakun tafiyar ka rubuto su nan, sai in jera maka wane wuri ya dace da wace rana.