Hukuncin taimaka wa mai shirin buɗe ƙaramar masana'antar giya

Tambaya: Malam, ni akanta ne a Legas. Wani abokin aikina da ba Musulmi ba yana shirin buɗe ƙaramar masana'antar giya. Ko tukunya ba a saya ba tukuna. Ya nemi in tsara masa lissafin jari da riba, in zuba kuɗi in samu kaso, kuma in haɗa shi da dillalan dawa a Dawanau. Ni ba na sha. Ya ce har da lemon malt za su yi. Ina matsayina?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ɗan'uwa, abubuwa ukun nan babu wanda ya halatta gare ka. Allah Ya haramta giya a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida da lafazin "ku nisance ta", kuma nisanta ya wuce barin sha kaɗai. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma a kanta. Mashayi ɗaya ne kawai a cikinsu. Sauran akwai mai matsa ta, da wanda aka matsa dominsa, da mai dakonta, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Mai hannun jari shi ne mai cin kuɗin, ko da bai taɓa ganin kwalbar ba.

Kada ka ce ai ta dawa ce, ba ta inabi ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa wani mutumin Yaman ya tambayi Annabi (SAW) game da abin shan da suke yi da dawa. Annabi ya ce, "Yana sa maye?" Ya ce e. Sai ya ce, "Duk abin da ke sa maye haram ne." Giyar kwalba da burkutu hukuncinsu ɗaya.

Inda na ga zuciyarka ta fi karkata shi ne batun cewa ba a fara ba. To, takardar da za ka rubuta ita za a kai banki, da ita za a shawo kan masu kuɗi, a cikinta za a ƙiyasta buhu nawa za a jiƙa a wata. Idan ka iya aikinka, kai ne ka tsayar da masana'antar. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi, kuma ijara, wato yarjejeniyar yin aiki a biya ka lada, a kan aikin haram ɓatacciya ce. In ya ba ka kafin alƙalami, mayar masa da kayansa.

Dawa kuwa halal ce. Manomin da ya kai buhunsa kasuwa, bai san inda za a kai shi ba, babu komai a kansa, kuma ba a ɗora masa bin diddigin kowane mai saye ba. Kai ka sani, da bakinsa ya gaya maka. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi, kuma dillancinka nan ya faɗa.

Lemon malt da ba a bari ya tsima har ya zama barasa ba, halal ne. Sai dai in asusu ɗaya ne da giyar, ribar ta cakuɗe, ba ka da hanyar tsame kasonka. Da zai yarda ku yi kamfani daban, na malt ko zoɓo ko kunun aya zalla, da rajistarsa da asusunsa, ku nemi lambar NAFDAC, to shiga ka yi masa lissafin da kyau. In bai yarda ba, ka ba shi haƙuri cikin mutunci, zumuncinku na wurin aiki yana nan.

Wallahu a'alam.