Likita, Zazzaɓin Yarona Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa

TAMBAYA: Salamu alaikum likita. Dan Allah yarona ne ɗan shekara 7, kusan duk wata sai zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi kwana biyu ko uku da ciwon ciki, sai kuma ya miƙe garau kamar ba shi ba. An yi gwajin maleriya da taifot har na gaji babu komai, ba sikila ba ne kuma. Idon sawunsa ma yakan kumbura ya yi ja ya ɗau zafi. Babansa Balaraben Masar ne, a Alkahira muke zaune. Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ba zan yanke hukunci ban ga yaro ba, amma wallahi wannan idon sawun da kika ambata shi ya fi jan hankalina. Akwai ciwon gado da ake kira FMF, zazzaɓin yankin Bahar Rum, ya fi yawa a Turkawa, Armeniyawa, Larabawa da Yahudawa, a cikin Hausawa kam ba kasafai ba. Babu wata ƙwayar cuta a ciki, garkuwar jiki ce ke tashi haka kawai ta hura kumburi na awa 12 zuwa 72 sannan ta lafa, shi ya sa gwaji ke fitowa babu komai, antibayotik kuma ɓarnar kuɗi ce. A 1997 aka gano ƙwayar halittar da ke jawo shi, MEFV.

Toh fatar nan ita ce shaida, jan tabo ne mai zafi a ƙwauri ko idon sawu ko bayan ƙafa, sau da yawa ƙafa ɗaya, likita ma sai ya ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga fatar, kuma in yaron baƙi ne jan ba ya fitowa sosai sai dai wajen ya ƙara duhu, ki taɓa ki ji ɗumi. Matsalar kafin ki samu layin likitan fata tabon ya ɓace. Don haka ki ɗau hoto da waya a hasken rana, ki rubuta ranar da ya fara da ranar da ya sauka, ki nemi a auna CRP, wato gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki, yana cikin zazzaɓin.

Maganinsa kolcisin, tun 1972 ake amfani da shi, kullum ake sha ba sai ciwon ya tashi ba, don yana tare ƙoda daga lalacewar da taruwar wani furotin mai suna amiloyid ke jawowa. Amma kar ki saya a kemis da kanki, in ya wuce ƙima guba ne. A duba fitsarinsa ko akwai furotin, ki kuma tambayi dangin babansa ko akwai mai irin wannan zazzaɓin.