Kafin ka ce faifan ya mutu, duba lambarsa

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka, cewa ka yi wa ɓangare ɗaya na faifan kwamfutarka fomatin, ka mai da tsarin ajiye fayilolinsa ext4 daga NTFS, tun daga nan kuma ya ƙi hawa, wato ya ƙi buɗuwa, har ita kanta Ubuntu ɗin, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, take cijewa a baƙin allo idan ka kunna ta, sai na ji kamar labarina ake ba ni. Abin da zan fara roƙonka shi ne, don girman Allah kada ka sake yin fomatin, kada kuma ka miƙa kwamfutar ga wanda zai yanke mata hukunci tun bai karanta abin da ke rubuce a allon ba.

Ni shagon buga takardu gare ni a bakin kasuwar ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Bayan ɓangaren da Ubuntu take zaune a kai, faifan nawa yana da ɓangare biyu, ɗaya na tarkace, ɗaya kuma a nan nake adana sakamakon jarrabawar wata Islamiyya, da takardun cinikin gonaki, da hotunan bukukuwan mutane. Na tarkacen kaɗai na yi wa fomatin, amma da gari ya waye kwamfutar ta ƙi tashi. Hankalina ya tashi, na nannaɗe ta a zani na shiga motar Kano, na kai wa wani mai gyara a cikin birni. Wallahi ko kallon rubutun allon bai yi ba, ya ce cuta ce ta cinye ta, in je in yi sallar Azahar in dawo. Kafin in dawo ya goge faifan kakaf, har da ɓangaren da babu abin da ya same shi, ya ɗora Windows, yana murmushi yana jiran in yaba masa. Da na tambaye shi ina takarduna, sai ya ce ai ban gaya masa ina buƙatarsu ba, alhali sau biyu na faɗa masa. Na biya shi kuɗin aikin a haka. Har yau ban manta da yammacin da shugaban Islamiyyar, dattijon da ya koyar da ni karatu, ya zo karɓar sakamakon ɗalibansa ba, na tsaya a gabansa na rasa bakin magana. Bai yi faɗa ba, ya ce Allah ya mayar da alheri, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Abin takaicin shi ne matsalar layi ɗaya ce kacal. Duk lokacin da aka yi wa ɓangare fomatin, sabuwar lambar shaida ake ba shi, wadda ake kira UUID, amma fayil ɗin /etc/fstab, wanda kwamfutar ke dubawa ta san ɓangarorin da za ta buɗe idan ta tashi, yana nan riƙe da tsohuwar. Kwamfutar takan tsaya jiran faifan da babu shi, yawanci har daƙiƙa 90, sannan ta jefa ka wancan baƙin allon. A nan ka danna Enter, ka rubuta blkid, za ka ga sabuwar lambar da nau'in kowane ɓangare. Ka kwafe ta a takarda da natsuwa, domin harafi ɗaya idan ya kuskure an koma gidan jiya. Sai ka buɗe fayil ɗin ta hanyar rubuta nano /etc/fstab, ka sauya lambar a layin wancan ɓangaren, ka kuma sauya ntfs zuwa ext4. Idan akwai uid= ko umask= a layin, ka cire su ka sa defaults, domin ext4 ba ya karɓarsu, kuma su kaɗai sun isa su jawo saƙon nan na wrong fs type, bad option, bad superblock da yake firgita mutane. Idan ya hana ka adanawa, ka fara rubuta mount -o remount,rw / tukuna.

Kada ka kashe kwamfutar kafin ka gwada mount -a, umarnin da ke hawar da ɓangarorin da ke cikin fstab, idan bai ce komai ba, to, an dace. Ni yanzu kowane faifan ajiya sai na ƙara masa nofail a layinsa na fstab, saboda ko ya ɓace kwamfutar ta tashi. Kuma idan ya hau amma ya hana ka ajiye komai a ciki, ba lalacewa ya yi ba, sabon ext4 mallakar root ne, wato babban asusun da ke da iko da komai a kwamfutar, sai ka mai da shi sunanka da umarnin chown.

Ban sani ba ko kana da Windows a gefe. Idan kana da ita, ka sani ba ta karanta ext4, kuma idan ta nuna maka shi za ta iya ce maka ka yi fomatin, kada ka yarda. Wanda yake son ɓangare ya yi masa aiki a duka biyun, gara ya bar shi a NTFS ko exFAT, FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Sannan mu da muke aiki da sola da janareto, wuta takan yanke ana tsakiyar fomatin, aikin ya tsaya a rabi. Idan hakan ta faru da kai, ko ka rubuta dmesg ka ga I/O error yana ta maimaituwa, to, a nan ne za a fara zargin wayar da ke haɗa faifan ko faifan kansa, kuma kafin komai sai ka kwashe abin da ke sauran ɓangarorin zuwa wani faifan na waje.

Ka ɗauki hoton abin da blkid ya nuna maka da na cikin fstab ka turo mana mu duba tare. Yau kasuwarmu take ci, amma in Allah ya yarda bayan sallar Isha'i zan leƙo.