Ƙanena na Garwa, ga amsar maganar na'urar hayaƙi

Salamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka da hoton takardar hayar ɗakin da aka turo maka daga birnin Lil na Faransa. Allah ya sa albarka a karatun. Ka ce ka ci karo da wani layi mai maganar na'urar hayaƙi, kana tambaya ko wani kuɗi ne ake son a ɗora maka, ko kuwa ka nema a babbar kasuwar Garwa ka taho da ita. Babu ko ɗaya. Kada ka saya, kada kuma ka biya kowa ko dala.

Wani ɗan farin faifai ne da ake mannawa a silin, da batir a ciki. Da ya ji hayaƙi sai ya ɓarke da ƙara. Tun ranar 8 ga Maris 2015 dokar Faransa ta wajabta a sa aƙalla ɗaya a kowane gida, na haya ne ko na kai. An zartar da dokar a 2010, amma maganarta ta taso ne tun 2005, shekarar da gobara ta yi ta cin rayuka a Faris da kewayenta. A watan Agustan shekarar, wani tsohon bene da ke titin Vincent-Auriol ya kama da wuta cikin dare, mutum 17 suka rasu, 14 daga cikinsu yara, kuma iyalan 'yan Afirka ta Yamma ne. Allah ya ji ƙansu. Idan ka ji wani ɗan'uwanmu na cewa wannan tsirfar Turawa ce, ka tuna masa su waye suka mutu.

Ga yadda aka raba nauyin. Saye da mannawa na mai gida ne, haka wata dokar 2014 ta tsayar. Kula da ita kuwa, wato gwadawa da canjin batir, na wanda ke zaune a gidan ne. Sai dai a gidan da aka bayar haya da kaya a ciki, gado da tebur da firji, kulawar ma tana kan mai gida. Takardarka ta nuna ɗakinka irin wannan ne. Idan wata rana ka koma gidan da babu kaya, batir ya dawo wuyanka.

Amma kar ka ce tunda nauyinsa ne sai ka miƙe ƙafa. Mai gidan ba ya kwana a ɗakin. Ranar karɓar makulli za ku zagaya tare a cike takardar da ke bayyana halin da ɗaki yake, kuma doka ta ce a ranar ya tabbatar na'urar na aiki. Ka sa a danna maɓallin a gabanka. In ba ta yi kuka ba, ko babu ita gaba ɗaya, a rubuta kafin ka sa hannu. Ka duba jikinta ka ga alamar CE da lambar EN 14604, da ranar da ya kamata a canja ta, domin yawancinsu shekara goma suke yi. Wurinta sama ne, an fi so a hanyar da ke kaiwa ɗakin kwana, nesa da tururin wanka da na girki. Wadda aka ajiye a kan kabad ba ta cika sharaɗi ba.

Inshorar gida dole ce ga ɗan haya, kuma za ka aika wa kamfanin 'yar takarda cewa akwai na'urar. Dokar ba ta sa tara ga wanda bai manna ba, shi ya sa wasu masu gidaje ke sakaci. A Ingila abin ya fi tsauri, ana son ɗaya a kowane hawa na gidan haya, kuma tarar mai gida na iya kai fam 5,000. A Faransa kuwa sai dai ka bi mai gidan da wasiƙa. Ka rubuta, kar ka tsaya ga waya. Kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa ya ce gwamnati ce ta turo shi duba na'ura, ka biya kaza, ɗan damfara ne. Mai kyau ma ba ta cika wuce Yuro 15 zuwa 20 a kanti ba, wajen sefa dubu goma zuwa sha uku ke nan.

Abin da ya fi damuna ba dokar ba ce, halinmu ne. A gida girki a tsakar gida ake yi, taga a buɗe, hayaƙi ya bi iska. A nan ɗaki kamar tulu mai murfi yake, gilas biyu a taga, ƙofa mai roba a gefe don sanyi. Ka kunna turaren wuta ko man suya ya ƙone, sai na'ura ta tashi, maƙwabta su leƙo. Daga nan sai ka ga yaro ya hau kujera ya cire batir, ko ya sa mata safa ko leda. Na shiga ɗakunan ɗalibanmu da dama na ɗaga kai na ga haka, kuma ba na yin shiru. Wanda ke barci ba ya jin warin hayaƙi, ƙara sumar da shi yake yi. An yi ƙarar da ƙarfi ne, desibel 85 a ma'aunin ƙara daga nisan mita uku, don ta tashe ka. In ta yi kuka a kan girki, buɗe taga ka yi mata fifita. Da yawansu suna da maɓallin da ke kashe ƙarar na 'yan mintoci. In kuma ka ji tana "cik" jefi-jefi, batir ne ya yi sanyi, ka sanar da mai gida a ranar.

Gawayi kuwa, kar ka kuskura ka hura shi a ɗaki, ko don shayi ko don jin ɗumi. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari ko launi, kuma wannan na'urar ba ta jin ta sam. Ta iskar gubar daban take. Ka sayi butar lantarki, shayin zai dahu.

Ka haddace lamba 18, ta 'yan kwana-kwana, da 112, ta neman agajin gaggawa. Idan wutar a wani ɗakin ce kuma hayaƙi ya cika matakala, kada ka fita cikinsa, kada ka shiga lif. Rufe ƙofarka, toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tawul, ka tsaya a taga inda za a gan ka.

Turaren da Inna za ta haɗa maka, ka karɓa ka taho da shi, amma ka karanta dokar gidan tukuna, domin gidajen ɗalibai da yawa sun hana kunna turare da kyandir a ɗaki. Ka turo mini sauran shafukan takardar in duba maka kafin ka sa hannu. A gaida su Inna da Baba.